Ba Ruwan Sama Ne Ya Cinye Ganuwar Katsina Ba

Baƙon da ya sauka a GRA ta Katsina ya ce a kai shi ya ga ganuwa, yawanci ƙofofi za a zagaya da shi: Ƙofar Sauri, Ƙofar Durɓi, Ƙofar Marusa, Ƙofar Ƙaura, Ƙofar Ƙwaya, Ƙofar Guga. Da yawansu ginin siminti ne, motoci da babura suna ratsawa. In ya tambayi katangar da ta haɗa su, sai a nuna masa wani tudun jan ƙasa a bayan gidaje, awaki suna hawa, gindinsa duk ramukan masu ɗibar ƙasa, a ce masa ruwan sama ne ya cinye sauran. Wannan amsa ba ta gamsarwa. Ba yau damina ta fara sauka a Katsina ba, kuma ganuwar da ake danganta wa Sarki Ali Murabus a ƙarni na 16 ta sha ruwan ɗaruruwan shekaru tana tsaye. Abin da ya kashe ta shi ne an daina yi mata yaɓe.

Bature Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya shigo Katsina a 1851. Ya tarar da birni mai kewayen mil 13 zuwa 14, kaurin katangarsa daga ƙasa kusan ƙafa 30, amma mutanen ciki, a ƙiyasinsa, ba su wuce 7,000 zuwa 8,000 ba. Fatauci ya koma Kano tun bayan jihadi, unguwanni sun zama kango da gonaki. Wato a lokacin da Katsina ta fi ƙarancin jama'a da dukiya, ganuwarta na nan daram. Yanzu da ta zama babban birnin jiha tun 1987, ga kuɗi ga injuna, sai guntaye. Dalilin a fili yake. Bayan jagoran masu jihadi Ummarun Dallaje ya karɓi birnin wajen 1807, tsofaffin sarakunan sun koma arewa sun kafa Maraɗi, daga can suke kawo hari. Mai irin wannan maƙwabci ba ya barin tsaguwa a katangarsa. Da an sha ruwa sai a fito da jama'a, a kwaɓa ƙasa, a ɗora tubali inda ya zube, a shafe. Wani ɓangare na filin da Barth ya tarar a cikin birnin ma da gangan aka kewaye shi, don mutanen ƙauye su shigo da dabbobinsu ranar tsoro, a kuma yi noma ko an rufe ƙofofi.

Wasu za su ce Turawa ne suka rushe ta. Ba su harba mata igwa ba. A 1903 shugabansu Lugard ya shiga ta Ƙofar 'Yanɗaka ba tare da an gwabza ba. Abin da suka yi ya fi igwa tasiri: sun shata iyaka tsakaninsu da Faransa, harin Maraɗi ya ƙare, suka kafa barikinsu a wajen birni. Ita kanta GRA shaida ce. Tun da masu mulki suka kwana a bayan ganuwa babu abin da ya same su, kowa ya gane aikinta ya ƙare.

Akwai ƙorafin da ya fi wannan nauyi. Gyaran ganuwa ba aikin gayya ne na jin daɗi ba. Bayi da talakawa ne suka ɗauki ƙasar a ka, da umarnin sarki, kuma babu mai hankalin da zai so a dawo da hakan. Gari kuma ya cika, mutane na neman filin gini. Duka gaskiya ne, sai dai ba su hana komai ba. A Jenne ta ƙasar Mali, duk shekara mutanen gari ke fitowa da kansu su yi wa babban masallacinsu yaɓe kamar ranar salla, kuma garin yana cikin jerin wuraren tarihi na UNESCO tun 1988. Ba wanda ke neman a tayar da mil 14. Abin da ya rage kaɗan ne, bai fi ƙarfin magina masu albashi da samarin unguwa ba. Katsinawa sun riƙe hasumiyar Gobarau da ginin tsohuwar Kwalejin Katsina, duka na ƙasa ne, don haka hannun bai ɓata ba.

Ƙofar siminti tana adana suna, amma ba ta nuna wa yaro kaurin da kakanninsa suka gina. Masarauta da gwamnatin jiha su auna guntayen da suka saura, su hana ɗibar ƙasa da yanka filaye a kansu, su kuma sa ranar yaɓe kowace shekara bayan damina.