Sanarwa da Jan Hankali a Wasiƙar Turanci ta Ofis

Mai rubuta wasiƙar ofis da Turanci yana da hanyoyi da dama na sanar da wani wata magana, kuma galibin masu rubutu suna zaɓar wadda ta fi musu daɗi a kunne. Ra'ayina shi ne kowace daga cikinsu tana bayyana matsayin marubuci a gaban wanda ya rubuta wa, don haka kuskure a nan ya fi kuskuren nahawu illa.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Ya san sanarwa daban, ankararwa daban, tunatarwa daban, kuma ya san talaka ba ya isar da magana ga hakimi yadda hakimi ke isar da ita ga talaka. Turanci ma haka yake.

Kalmar "inform" ita ce mafi sauƙi: labari ne sabo ake bayarwa, kuma "of" ko "that" ke bin ta. "Notify" tana da nauyin hukuma, irin sanarwar da mai gida ke ba ɗan haya, wadda za a iya kafa hujja da ita gobe.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne tsakanin "bring to your attention" da "draw your attention to". Ta farko tana nufin an ɗauko wani abu da mai karatu bai sani ba an ajiye a gabansa, da fatan zai ɗauki mataki. Shi ya sa ta dace da ƙaramin ma'aikaci mai kai ƙorafin lalacewar famfon makaranta ga shugaba. Ta biyu kuwa abin yana gaban mai karatu tun tuni, wataƙila sakin layi na uku a takardar yarjejeniya, ana nuna masa shi da yatsa. Akwai ɗan zargi a cikinta, kamar a ce "ga shi nan, ba ka duba ba". Wanda ya aika wa maigidansa ita ba tare da sanin haka ba, ya taka sawun ɓarawo.

"Please be informed that" magana ce daga sama zuwa ƙasa. Ta dace da allon sanarwa na banki, amma ɗalibin da ya buɗe takardar neman uzuri da ita yana umartar malaminsa ne, duk da "please" ɗin da ke gaba. Haka "I am directed to inform you", wadda ma'aikatun Nijeriya suka gada daga aikin gwamnatin Ingila: ma'anarta mai sa hannu ɗan aike ne, hukuncin na wani ne a samansa. Ɗan kasuwa mai rubutu da sunan kansa babu wanda ya umarce shi, saboda haka jimlar ba tasa ba ce.

Kalmomi biyu na buƙatar kula. "Apprise" sanarwa ce, "appraise" kuwa ƙiyasta daraja ce, harafi ɗaya ya raba su. Sai "intimate", wadda a Turancin Nijeriya da na Indiya ake amfani da ita a ma'anar sanarwa, alhali ga Baturen Ingila nuni ce cikin shaguɓe. Ba na ganin amfaninmu da ita laifi ne a cikin gida, amma wasiƙar da za ta tafi Landan ta fi aminci da "inform".

Su kansu Turawan sun daɗe da kokawa da salon wasiƙar ofis mai yawan shimfiɗa. Bisa roƙon Baitulmalin Birtaniya, Sir Ernest Gowers ya wallafa Plain Words a 1948, sannan The Complete Plain Words a 1954, don ma'aikata su riƙa yi wa jama'a rubutu kai tsaye. Sau da yawa "The meeting has been moved to Monday" ta wadatar, ba sai an yi mata shimfiɗa ba.