Ƙarar inji cikin gida: ina haƙƙin mai gyara ya tsaya, ina na maƙwabci ya fara?



Duk shekara in damina ta ɗauke, anka shiga aikin albasa, akwai rigimar da ke dawowa ƙofar masu gari. Mutum ya ɗauko motopom ɗinsa daga garka da magariba, ya kwance shi a tsakar gida, ya wanke kafireto, ya maida, sannan ya tada shi don ya ji ko ya gyaru. Ya kashe, ya sake tadawa. Ƙarfe goma sha ɗaya na dare ana nan ana abu guda. Bayan danga kuwa akwai mai jego, ko tsoho mai hawan jini, ko ɗan lakwal da ke da jarrabawa gobe. Hausa ta yi mana hikima a nan, don kalma guda ce: ƙarar inji ita ke kai mutum ga ƙara wurin hukuma.

Mu nan ba mutanen kogi ba ne. Masunta na tafkin Tabalak ko na Madarunfa in kwale-kwalensu ya tsage, a bakin ruwa suke jawo shi su toshe, bugun gudumarsu ba ya tada kowa daga barci. Namu abin hawan arzikin shi ne injin ban ruwa, da moto, da gurup, da injin niƙa, kuma duk cikin gari ake gyaransu, kusa da ɗakin kwanan wani. Shi ya sa munka tattaro abin da ya kamata kowa ya sani.

Dalilin da ya sa mai gyara ba ya iya jira

Sai mu fara da yi wa manomi adalci. A fadamun Tarka da Maggiya, albasar da anka dasa cikin sanyi ba ta san uzuri ba. In inji ya tsaya, kwana biyu ko uku ba ruwa, dashe ya kwanta, kuma kuɗin iri da taki da esansi, wanda sau da yawa bashi ne ko aiken ɗan uwa daga waje, ya bi iska. Makanike yana gari, garka tana nesa, barin inji a daji kuma kiran ɓarawo ne. To dole a kawo shi gida, kuma dole da dare, tunda rana ta ban ruwa ce. Mai walda shi ma haka: inda kuran ɗin Nigelec ya kai, sai lokacin da wuta ta zo yake aiki, ko da tsakar dare ne. Mun ga haka ƙarara daga watan Agusta na 2023, da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, har zuwa Maris na 2024: gurup ya yawaita, ƙara ta yawaita.

Amma uzurin mai inji bai shafe haƙƙin mai barci ba.

Abin da dokar ƙasa ta tanada

Mutane da yawa na ɗaukar cewa babu doka kan ƙara a Nijar. Akwai ta, sai dai a warwatse take.

Akwai doka mai lamba 66-33 ta ranar 24 ga Mayu 1966, wadda ta shafi wuraren sana'a masu haɗari, ko masu cutar da lafiya, ko masu takura wa maƙwabta. Ta raba su aji uku gwargwadon girman cutarwarsu. Manya sai da izini kafin a buɗe, ƙanana kuwa ana sanar da hukuma. Abin lura a nan shi ne tun wancan lokaci doka ta ɗauki takura wa maƙwabci a matsayin abin da hukuma ke dubawa, ko da ba wanda ya ji ciwo.

A ranar 2 ga Maris 1993 anka kafa kundin tsabtar jama'a, mai lamba 93-13, wanda ya ba jami'an tsabta hurumin duba gidaje da wuraren sana'a. Sai kuma dokar muhalli mai lamba 98-56 ta 29 ga Disamba 1998. Wagga ita ce ta fito fili ta hana ƙara da wari da ke iya cutar da lafiyar mutum ko su zama takura mai yawa ga maƙwabta. Ku riƙe kalmar "mai yawa". Doka ba ta ce gari ya yi tsit kamar maƙabarta ba. Daka da sussuka da kukan jaki da bugun maƙera duk rayuwar gari ce. Abin da ta hana shi ne wuce iyaka.

Wa ke faɗin inda iyakar take? A nan ne kundin ƙananan hukumomi, mai lamba 2010-54 na 17 ga Satumba 2010, ya shigo. Ya ɗora wa magajin gari kula da kwanciyar hankali da tsabta da tsaron jama'a cikin komin ɗinsa, kuma yana iya fitar da takardar umarni a kai. Tun watan Afrilu na 2024, da anka rusa majalisun komin, jami'in da gwamnati ta naɗa riƙon komin shi ke zaune a wannan kujera. Ke nan abin da anka yarda da shi a Bangi ba lalle ne ya zama daidai da na Sabon Gida ko Urno ko Azarori ba. Wanda zai kafa injin niƙa ko ya buɗe garaji a ƙofar gidansa, ya fara zuwa meri ya tambaya kafin ya zuba siminti. Tumɓuke inji bayan an kafa ya fi tambaya tsada.

Abin da malamai sunka ce

Wannan ɓangare shi ya fi ba mu sha'awa, don rigimar ba yau ta fara ba. Malaman Malikiyya sun daɗe suna tattauna ta, bisa asalin da kowa ya sani cewa ba a cutarwa kuma ba a rama cuta da cuta.

Abin mamaki, mafi yawansu ba su ɗauki sauti shi kaɗai a matsayin dalilin hana mutum sana'arsa ba. A cikin Mukhtasar na Shehu Khalil, wanda ake karantawa a zaurukanmu, an kawo misalin masu bugun tufafi, irin masu bugu na Kano da ke sa shuni ya yi ƙyalli, anka nuna ba a hana su saboda ƙarar bugunsu kawai. Dalili shi ne abincin mutum ya fi nauyi bisa jin daɗin kunnen wani. Amma wasu malaman Andalus sun bambanta: sunka ce in ƙarar ta dare ce, mai ɗorewa, tana hana mutane barci, to ana hana ta da dare a bar mai ita ya yi da rana. Inda ba su yi saɓani sosai ba shi ne hayaƙi, da wari, da girgiza mai lalata bango. Waɗannan ana kawar da su.

Akwai wani magini a Tunis cikin ƙarni na 14, Ibnur Rami, wanda alƙalai ke aikawa ya duba irin wagga rigima, ya kuma rubuta littafi kan hukunce-hukuncen gini. Ya bayyana yadda ake gane ko dutsen niƙa na girgiza bangon maƙwabci: a rataya takarda da zare huɗu daga rufin da ke bisa bangon, a zuba mata busassun ƙwayoyi ƙanana, sannan a ce mai niƙa ya tada aikinsa. In ƙwayoyin sun motsa, cuta ta tabbata. Shekara ɗari bakwai ke nan, amma ko gobe mai gari zai iya yin wannan gwaji da tsabar gero a ɗakin ƙasa da ke jingine da injin niƙa. A nan kusa da mu ma, Alƙali Idrisu ɗan Khalid na Gwandu ya tattara irin waɗannan hukunce-hukunce na maƙwabtaka don alƙalai a ƙarni na 19.

Sun kuma duba wa ya riga wani. Maƙerin da ka tarar a unguwa ka zo ka yi gini kusa da shi, hujjarka a kansa ba ta kai ta wanda anka kawo wa sabon inji bayan ɗakinsa ba. Haka nan wanda ya ga an kafa inji ya yi shiru shekara da shekaru, ƙararsa na yin rauni. In abu ya dame ka, yi magana da wuri.

Yadda ake auna ƙara

Ana auna ƙarfin sauti da abin da ake kira desibel. Hira ta yau da kullum tana wajen 60. Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagorar da ta fitar a 1999, ta ce don barci mai kyau kada ƙarar da ke cikin ɗakin kwana ta wuce 30. Masana lafiyar ma'aikata kuma na cewa desibel 85 shi ne iyakar da kunne ke ɗauka na awa 8, kuma duk ƙarin 3 yana raba lokacin biyu: 88 awa 4, 91 awa 2, 100 minti 15 kacal. Injin yankan ƙarfe na masu walda yana kaiwa wajen nan. Ke nan wanda ya fi cutuwa ba maƙwabci ba ne, yaron shago ne da ke duƙe bisa inji tun safe. Ku lura da tsofaffin masu niƙa, nawa ne cikinsu sai an ɗaga murya suke ji? Jin da ƙara ta kashe ba ya dawowa.

Ga wani lissafi mai amfani. A fili, duk lokacin da ka ninka nisa, ƙara na raguwa da wajen desibel 6. Injin da ke ba da 90 a mita guda, a mita 2 zai koma 84, a mita 4 ya koma 78, a mita 16 ya koma 66. Sau da yawa maganin rigimar duka shi ne a ɗauke inji daga jikin bangon maƙwabci a kai shi ɗaya kusurwar gidan, a ɗora shi bisa tsohuwar taya, a maida masa salansar da anka cire.

Gargaɗi guda, kuma da babbar murya: kada wanda ya shigar da gurup ko motopom cikin ɗaki ko zaure ya rufe ƙofa wai don kada maƙwabta su ji. Hayaƙinsa na ɗauke da iskar da ba ta da wari ba ta da launi, tana kashe mutum cikin barci. Gara a kai ka ƙara.

In abin ya faru, ina za a bi?

Matakin farko ba ya buƙatar takarda. Ka je da kanka da rana, ba cikin dare da fushi ba, ka ce: "Malam, don Allah in da hali a riƙa tsaida gwajin nan bayan lisha, tsohuwa ba ta barci." Mafi yawan rigingimun nan a nan suke mutuwa. In kunya ta hana, ko akwai surukuta tsakani, a sa liman ko wani dattijon unguwa.

In bai yi ba, sai wurin mai unguwa ko mai gari, daga nan zuwa fadar sarki. Wannan ba al'ada kawai ba ce: doka mai lamba 2015-01 ta 13 ga Janairu 2015, wadda ta tsara sarautar gargajiya, ta ba sarakuna ikon sasanta mutane, kuma ana rubuta takardar sulhu. Ku nemi a rubuta, a faɗi lokacin tada inji da lokacin kashe shi, da inda za a ajiye shi, da inda za a zuba baƙin mai don kada ya bi ƙasa ya kai rijiya. Sulhun baki, in kaka ta zo kowa ya manta abin da ya ɗauka. Sarki mai sasantawa ne. In sulhu ya ƙi, hanya ta buɗe zuwa meri, ko jandarma in abin ya kai ga tada hankali, ko kotun Madawa, Buza ko Keita. A ganinmu wanda ya tsallake mai gari ya ɗauko wa maƙwabcinsa sammaci kan ƙarar inji, ko ya ci shari'a ya yi asara, don gobe shi zai nema aron igiya.

Ga 'yan uwa na waje

Ku da ke aiko da kuɗin inji, ku riƙa tambayar inda za a kafa shi. In hali ya yi, famfo mai aiki da hasken rana ba ya ƙara, ba ya shan esansi, kuma ba a kwance masa kafireto da dare.

Ku kuma kula da dokar inda kuke, don ba ko'ina ake sulhu a zaure ba. Najeriya na da dokar ƙara ta 2009 ƙarƙashin hukumar NESREA, a Legas kuma iyakar unguwannin zama desibel 55 ne da rana, 45 da dare, kuma hukumar muhallin jihar na rufe wurare a kan haka, har da masallatai da coci-coci. A Akara, sarakunan Ga kan hana kiɗa da hayaniya na wajen wata guda kafin bikin Homowo, baƙo ma ba a ɗauke masa ba. A Faransa kuwa, galibin garuruwa awa biyu kawai suke bari a yi aikin gida mai ƙara ranar Lahadi, daga ƙarfe 10 zuwa 12 na rana, hayaniyar dare kuma tararta Yuro 68 ce, wato sama da jika 44 na kuɗinmu.

Wanda garinsu ke da wata yarjejeniya kan lokacin niƙa ko gwajin inji, ya aiko mana ta hannun wakilinmu ko ya kawo ta gidan rediyo ranar kasuwa, za mu karanta ta a shirin manoma don wasu garuruwa su ji yadda kunka yi.