Yuro Miliyan 10 a Kan Ɗan Shekara 18: Yadda Real Madrid Ta Sayi Varane

A bazarar 2011, ƙungiyar Lens ta Faransa ta faɗa rukuni na biyu. A cikin 'yan bayanta akwai Raphaël Varane, ɗan shekara 18 mai kaka ɗaya tak a manyan wasanni. Manchester United ta neme shi, amma Real Madrid ce ta ɗauke shi a kan kimanin Yuro miliyan 10, bayan Zinedine Zidane ya kira shi da kansa yana tsaka da shirin jarrabawar kammala sakandare.

Auna ɗan baya ya fi auna ɗan gaba wuya. Ɗan gaba ƙwallayensa ke masa shaida, shi kuwa ɗan baya aikinsa hana abu faruwa ne, kuma idan ƙungiya na shan kashi, laifin kowa a kansa yake sauka. Don haka masu neman 'yan wasa kan duba gudunsa, da inda yake tsayawa kafin ƙwallo ta iso, da natsuwarsa idan an matsa masa. Varane yana da duka ukun.

Hujjar ta bayyana a 2013, lokacin da ya ci Barcelona da ka a wasanni biyu na kusa da ƙarshen Copa del Rey. Daga baya ya ɗauki Kofin Zakarun Turai sau huɗu da Kofin Duniya na 2018.

Gwiwa ce ta gagari hasashe. An yi masa tiyata tun 2013, kuma rauni a gwiwa ne ya sa ya yi ritaya a 2024 yana da shekara 31.