Tarihin Sanar da Bala'i a Tamale

Kafin zuwan rediyo ƙasar Dagomba da ke Arewacin Gana, labarin gobara, annoba ko yaƙi yakan isa unguwannin Tamale irin su Nyanshegu ne ta bakin mai shelar sarki, sannan fatake su ɗauke shi zuwa kasuwannin nesa. Rediyon gwamnati ya fara aiki a Akra a 1935, daga baya ya shigo da Dagbanci da Hausa, sai dai labarin Arewa yakan gangara Kudu kafin ya dawo wa masu shi, kuma hakan bai sauya sosai ba sai da kundin tsarin mulki na 1992 ya buɗe wa tashoshin FM ƙofa, aka kuma kafa Radio Savannah a Tamale.

Ambaliyar 2007 ce ta nuna muhimmancin wannan sauyi, lokacin da ruwan sama mai yawa ya haɗu da sakin ruwan madatsar Bagre ta Burkina Faso, kogin Farin Volta ya cika ya batse, ya cinye gonaki da gidajen ƙasa. A shekarar ne tashar NHK ta Japan ta fara watsa gargaɗin girgizar ƙasa daƙiƙoƙi kafin ta iso. A Arewacin Gana kuwa, gargaɗin ambaliya na kwanaki ne: NADMO, wato hukumar kula da bala'o'i da aka kafa a 1996, tana sanar da sakin ruwan ta rediyo, amma abin takaici, manomin bakin kogi yakan ji sanarwar ne masararsa ba ta nuna ba.