Wanzaman Gobir da Ciwon da ke Ɓoye Asalinsa

Tun bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808, sa'ad da Gobirawa suka watsu, wasu suka nufi Tsibiri, wasu kuma daga bisani suka kafa Sabon Birni, babu gari a wannan yanki, daga Isa har Unguwar Lalle, da ya zauna ba wanzami, domin shi ne mai aski da kaciya da cire belu, shi ne kuma farkon wanda ake kira in jiki ya ƙi daɗi. Yakan buɗe zabira, ya yi tsaga da aska, ya ɗora ƙaho ya tsotsa har ya kama, sa'an nan ya nuna wa majinyaci baƙin jinin da ya fito.

Illa dai akwai wata lalura da ta gagari wannan hikima: dattijo ya yi ta ramewa, ƙafarsa ta kumbura a yi mata ƙaho, bayan kwanaki kumburin ya koma ɗayar, ko ƙishirwa da yawan fitsari su dame shi har hankalinsa ya gushe, dangi su yanke hukuncin sammu ne ko maita, alhali sau da dama sankara ce a hanta ko tumbi ko huhu, tana zuba sinadarai cikin jini, wasu su daskarar da shi, wasu su zaizaye ƙashi, wasu su cinye tsoka.

Ban ga laifin magabata ba a wannan mas'ala, domin ko a Faransa sai a 1865 tabibi Armand Trousseau ya bayyana alaƙar daskarewar jini da ɓoyayyar sankara, kuma bisa ƙudurar Allah ya ga alamar a jikinsa, ya rasu da sankarar tumbi a 1867; sinadarin da ke zaizayar ƙashi kuwa sai a 1987 aka tantance shi.

Abin da ya fi ta da mini hankali shi ne, ƙwayar cutar hanta nau'in B, wadda take cikin manyan sabubban sankarar hanta a ƙasarmu, tana bin askar da aka yi wa wani aiki da ita. Saboda haka ina roƙon wanzamanmu, kowane mutum da sabuwar rezarsa. Iyaye su kai jarirai rigakafi. Wanda kuma rama ko kumburi ya ƙi jin magani, a hanzarta kai shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato.