Hanyar Gwanja: Salaga, Yendi da Bawku

Ba a ɗaura aure ko a raɗa suna a ƙasar Hausa ba tare da an raba goro ba, alhali itacen goro ba ya yi a Kano, ba ya yi a Katsina, balle Sakkwato. Shekaru aru-aru kakanninmu daga Gwanja suke ɗauko shi, a bayan jakai da kan 'yan alaro, tafiyar kusan wata uku zuwa, wata uku dawowa, in Allah ya kiyaye hanya. A wancan zamani goro kayan alfarma ne. Sarki ke kyauta da shi, attajiri ke tauna shi a bainar jama'a, talaka kuwa in ya sami ɓari guda sai ya ƙulle a gefen riga ya riƙa gutsura kaɗan-kaɗan. Salaga da Yendi da Bawku, garuruwa uku a arewacin Ghana ta yau, suna kan hanyoyin wannan fatauci, kuma a ganina ba za a fahimci asalin dukiyar manyan gidajen Kano ba sai an san su.

Hanyar ta daɗe. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ambaci buɗe hanyar Gwanja tun zamanin Sarki Abdullahi Burja, a tsakiyar ƙarni na 15. Amma ba ta kankama sosai ba sai bayan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo na 1804, da garuruwa suka cika, malamai suka tsananta hana giya, goro kuwa ba wanda ya ce masa kanzil. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su suka riƙe ragamar sana'ar. Ayari kan tashi da kaka daga Kano ko Sakkwato ko Jega. Madugu ne shugaba, shi ke cinikin kuɗin fito da kuɗin wucewa da kowane sarkin da aka ratsa ƙasarsa. Jagaba na gaba yana duba hanya da wurin yada zango. A ƙetare Kwara ta wajen Yawuri ko Illo, a bi ta Borgu, Nikki da Jugu, a faɗa Sansanin Mango, daga nan sai Yendi, sai Salaga. Baturen nan Clapperton ya ci karo da irin wannan ayari a Kayama a 1826, ayarin na dawowa daga Gwanja, mutane wajen dubu maza da mata, da dabbobin kaya masu yawan gaske. Abin da suke kaiwa can shi ne kanwa, turkuɗi, riguna da rawuna na Kano, jar fata, gabu, dawakai da shanu. Har da bayi.

Ita kanta Gwanja ba ta noman goro. Daga kurmin Tonawa, wato Ashanti, yake fitowa. Tun wajen tsakiyar ƙarni na 18 Tonawa suka ɗora hannu kan Gwanja da ƙasar Dagwamba, daga baya suka mai da Salaga iyakar inda fataken arewa za su tsaya. Bahaushe ba zai shiga kurmi ya saya da kansa ba, sai ya jira a kawo masa. Wannan jira shi ya haifi gari. Sarkin Gwanjawa na yankin yana zaune a Kpembe, ɗan nesa kaɗan, ya bar wa baƙi Salaga. Baƙo ya sauka gidan fatoma, fatoma ya ba shi ɗaki, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da dillali, a yi ciniki da kuɗin wuri, a cire la'ada. Wanda ya jira wata biyu bana, baɗi ya jira huɗu, wata shekara sai ka ji ya yi aure ya gina gida.

Wahalar goro ba a saye take ba, a riƙo take. Na tashi ina ganin yadda 'yan goro ke yi da shi a kasuwar Mariri, kuma tsofaffinsu sun ce haka aka gada. A ƙirga shi ƙwarya-ƙwarya, kowace ƙwarya ɗari. A ware goriya daban, ƙanana daban. A shimfiɗa ɗanyen ganye, a jera, a rufe, a ɗaure huhu tamau don kada iska ta shiga. Bayan 'yan kwanaki a kwance, a baje, a tsince duk wanda sankara ta kama kafin ya ɓata sauran, a canza ganye, a yayyafa ruwa, a sake ɗaurewa. To ka ɗauka ana yin wannan a daji, cikin hunturu, wata uku cur, ga 'yan fashi, ga jaki ya gaji. Shi ya sa goron da aka saya da araha a Salaga kan ninka kuɗinsa sau da yawa kafin ya shiga kasuwar Kurmi.

Wanda ya je Salaga yau zai ga gari mai matsakaicin girma, manoman doya, babu ganuwa, babu dogayen soraye. Abin da zai nuna masa cewa an taɓa yin taro a nan shi ne rijiyoyi. Garin ba shi da kogi a kusa, don haka aka yi ta haƙa su ko'ina, har ake masa kirari da gari mai rijiya dubu. Da na je, ɗan rakiyata ya kai ni wajen wasu daga cikinsu, a bayan gari cikin ciyawa, sai ya ce mini sunan wurin Wankan Bayi. A nan ake wanke waɗanda aka kamo, a shafe su da man kaɗanya don su yi kyan gani kafin a kai su gindin kuka a kasuwa. Wani wurin kuma Rafin Angulu, inda ake jefar da waɗanda suka mutu kafin a sayar. Ba Bature ne ya raɗa waɗannan sunaye ba, kuma ba da yaren Gwanja aka raɗa su ba. Mun iya alfahari da madugai, amma ba mu cika son jin cewa wani ɓangare na jarinsu mutane ne ba. Musamman tun shekarar dawowa gida da Ghana ta yi a 2019, baƙaƙen fata daga Amurka da Karibiyan suke zuwa nan neman tushensu. Ya kamata mu ma mu je mu ji namu kason na labarin.

Faɗuwar Salaga ta fara a 1874, shekarar da Turawan Ingila suka ƙone Kumasi, kuma cikin mayaƙan da suka taimaka musu har da rundunar Hausawa da Kyaftin Glover ya kawo daga Ikko. Gwanjawa suka yi amfani da damar suka kuɓuce daga hannun Tonawa, Tonawa kuwa suka karkatar da goro zuwa wasu kasuwanni irin su Kintampo. Sai rikicin gadon sarautar Kpembe ya ɓarke a 1892, aka ci garin da yaƙi, jama'a suka watse zuwa Kete Karaci, Yeji, Kumasi da Akra. Zangunan Ghana da yawa daga wannan watsewa suka ƙara ƙarfi.

Cikin waɗanda suka bar garin akwai Alhaji Umaru, haifaffen Kano wajen 1858, wanda fatauci da neman ilimi suka kai Salaga. Ya koma Kete Karaci ya zama limami, can ya rasu a 1934. Ya yi waƙoƙi da Larabci da Hausa kan zuwan Nasara, kan talauci da wadata, ya kuma rubuta wa Bajamushe Adam Mischlich bayanai masu yawa da ajami kan tarihin ƙasar Hausa da al'adunta. Kwafen rubuce-rubucensa da dama suna Jami'ar Ghana da ke Legon. Ɗaya daga cikin manyan marubutan Hausa ke nan, kuma mafi yawan aikinsa a bakin kogin Volta ya yi shi.

Yendi daban take. Salaga garin baƙi ce, Yendi garin sarauta. Nan ne fadar Gbewaa, mazaunin Ya-Na, sarkin Dagwamba, wanda ba bisa karaga ake naɗa shi ba, bisa fatu yake zama. Tun zamanin Na Zangina, wajen shekara ta 1700, Musulunci ya shiga fada, malaman Hausa da Wangarawa suka sami gindin zama. In ana son ganin garin cikin ado sai a zo watan Mauludi, lokacin bikin Damba. Makaɗan da ake kira lunsi suna rataye da ganguna irin kalangu, suna jero sunayen sarakuna da aikin kowanne tun daga kakanni, masu goge na biye. Mai rawa ya juya, rigarsa ta buɗe ta zagaye shi. Wannan riga, batakari, na tsaya na ga yadda ake yin ta: masaƙi zaune a inuwa, zare miƙe a gabansa da dutse a ƙarshe, ƙafafu na taka, ƙoshiya na kai da kawowa, saƙar ba ta wuce faɗin tafin hannu ba. Daga baya a yanka, a haɗa da allura ɗaya bayan ɗaya, a ƙara faɗi ta ƙasa. Irinta Kwame Nkrumah da abokansa suka sa daren 6 ga Maris, 1957, da suka yi shelar 'yancin kai.

A Yendi ne kuma kabarin Babatu yake, jagoran Zabarmawan da suka zo tun farko da cinikin dawakai da aikin sojan haya, suka koma kai hare-hare ƙasar Gurunsawa suna cika kasuwar Salaga da bayi. Da Faransawa da 'yan tawayen cikin rundunarsa suka karya shi a 1897, sai ya fake a Yendi, ya rasu a 1907. Wani Malam Abu ya rubuta labarin yaƙe-yaƙensu da Hausa cikin ajami. Har gobe mutanen Sandema na bikin Feok duk Disamba don tuna korar da kakanninsu suka yi masa. Su kansu Dagwamba sun sha tasu: a Disamban 1896 Jamusawa suka karkashe mayaƙansu a Adibo, kudu da Yendi, sannan yarjejeniyar 1899 ta raba masarautar biyu, Ya-Na a hannun Jamus, yammacin ƙasarsa a hannun Ingila. Sai da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya kori Jamus aka sake haɗe su.

Bawku tana can ƙuryar arewa maso gabas, inda Ghana ta haɗu da Burkina Faso da Togo. Ta wannan yanki fataken Mosawa da Hausawan da suka biyo ta Gurma suke gangarowa Gambaga su nufi Salaga. Kusa da ita, a Pusiga, akwai wurin da ake girmamawa a matsayin makwancin Na Gbewaa, kakan gidajen sarautar Mamprusi da Dagwamba da Nanumba da Mosawa. Cikin garuruwan uku, a Bawku ne kasuwa ta fi rayuwa. Tana ci duk bayan kwana uku: jar albasa, shanu, tumaki, zabi, gero, daddawa, da goron da har yanzu ke wucewa arewa, yanzu a mota. Kusasi da Mamprusi da Bisa da Mosawa in za su yi ciniki sau da yawa Hausa ce ke haɗa su. A Kulungugu, kan iyaka, aka jefa wa Nkrumah bam ranar 1 ga Agusta, 1962, aka garzaya da shi asibitin Bawku. Abin takaici, rikicin sarauta tsakanin Kusasi da Mamprusi, wanda ya faro tun 1957, ya ci rayuka da yawa, ya sa dokar hana fita ta zama ruwan dare. Mai niyyar zuwa ya fara tambayar halin da ake ciki.

Abin da ya kashe hanyar ƙasa ba yaƙi ba ne kaɗai. Jirgin ƙasa ya isa Kumasi a 1903, ya isa Kano a 1911. Alhassan Ɗantata, Ba'agale haifaffen Bebeji a 1877, wanda ya san Gwanja tun yana saurayi, yana cikin na farkon da suka riƙa ɗora goro a jirgin ruwa daga gaɓar Ghana zuwa Ikko. Daga baya Yarabawa suka dasa irin goron Gwanja a Agege da Shagamu. Tafiyar rabin shekara ta koma ta makonni, madugai suka rasa aiki. Jarin da aka tara a goro shi ya shiga gyaɗa, kuma daga gidan Ɗantata Aliko Ɗangote ya fito ta wajen mahaifiyarsa. Korar baƙi da gwamnatin Busia ta yi a 1969 ta ƙara raba iyalai da yawa da zangunan da aka haife su.

Duk da haka, abin da ayari ya bari yana nan a tukunya. Da asuba koko mai yaji da citta da ƙosai. Da hantsi wake da shinkafa da aka dafa da karan dafi har suka yi ja. Da dare tuwon zafi da miyar ayoyo ko kuka, sai tsire da gasasshiyar zabuwa. Wannan abinci na zango yanzu na Ghana ne baki ɗaya, ana sayar da shi har a manyan otal na Akra.

Masu halinmu sun san hanyar Dubai da Istanbul, suna kashe miliyoyi don kallon tarihin wasu. Daga Tamale, inda jirgin sama ke sauka, Yendi da Salaga tafiyar 'yan sa'o'i ce a mota, ba biza, ba tafinta. Ba za a sami masaukin ƙasaita ba, hanyoyin ma wasu sai haƙuri. Amma ina kira ga jami'o'inmu na Kano da Sakkwato da Zariya da Maraɗi su tura ɗalibai su ɗauki bayanan tsofaffin zango, su kwafo takardun ajami da ke gidajen malamai tun gara ba ta cinye su ba. Attajiranmu kuma, musamman jikokin fatake, su ɗauki nauyin aikin, don da kuɗin wannan hanya aka kafa gidajensu.