Ranar da Ikko Ta Ji Rawar Ƙasar Akra

Ran Alhamis, 22 ga Yuni, 1939, da daddare, mutanen Ikko suka ji ƙasa ta motsa a ƙarƙashinsu. Aka ji a Badun da Ile-Ife ma. Amma tushen abin yana can yamma, wajen kilomita 400, a ƙarƙashin teku kusa da Akra, babban birnin Gwalkwas, wato Gana ta yau.

A can ne masifar ta sauka. Wajen ƙarfe 7 da minti 20 bangaye suka tsattsage, gidaje suka rushe, musamman a tsofaffin unguwannin bakin teku, James Town da Ussher Town. Mutum 17 suka rasu, 133 suka ji rauni. Da a ce da tsakar dare ne, da makoki ya fi haka yawa ƙwarai, gama a wannan sa'a mutane da dama suna waje. Gobara kuma ba ta tashi ba.

Akan ce Afirka ta Yamma ba ta san rawar ƙasa ba. Kuskure ne, gama tun a 1862 wata ta lalata fadar Turawa da ke Osu. Bayan ta 1939, gwamnati ta gina wa waɗanda suka rasa matsuguni gidaje a Korle Gonno da Mamprobi.